Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Nazari Kan Kibiyar Farauta

 Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne kibiyar farauta, da yadda ake gwada ta kafin a shiga daji da ita. Na san wani zai ce, ina ruwan ɗan makaranta da kwari da baka a wannan zamani? To, ni ma da haka na ɗauka, sai da wani aiki da aka ba mu a aji ya kai ni zauren kakana.

A ƙarshen zangon karatu na farko, malaminmu na kimiyya ya ba mu aikin hutu. Ya ce kowa ya nemi wani abu na gargajiya a gidansu, ya auna shi, ya gwada shi, sa'an nan ya rubuto dalilin da ya sa mutanen da suka yi shi da irin siffar da yake da ita. Wasu suka ɗauki randa, wasu mazari, wani kuma ya ɗauki fitilar aci-bal-bal. Ni kuwa gidanmu yana cikin birnin Zariya, kuma gidan maharba ne. Tun ina rarrafe nake ganin wani kwari rataye a bangon zaure, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, an kuma gargaɗe mu kada wanda ya kuskura ya taɓa shi. Sai na ce wannan karon na sami hujja.

Labarin Baba Tsoho

Da na je wa kakana da maganar, wanda muke kira Baba Tsoho, sai ya yi dariya ya ce, “Kai ɗan boko, yau kuma kwarina za ka kai wa malaminku ya ba shi maki?” Na ce, “Baba, so nake in gane wace kibiya ce ta fi kyau a cikinsu.” Ya ce, “Ta fi kyau ga me? Ga zomo, ko ga gada, ko ga gwanki?” Na rasa amsa. Na nuna wata mai manyan kunnuwa huɗu, na ce lalle wannan ce sarauniyarsu. Ya girgiza kai, ya ce in zauna in ji.

Ya ce yana saurayi, bayan an gama girbi, sukan fita ta Ƙofar Kuyambana su nufi wajen dutsen Kufena, su yi ta shiga daji. Wata rana da la'asar sakaliya ya yi sanɗa har ya kusanci wata gada tana kiwo a bakin wani kwazazzabo. Ya zaro wata sabuwar kibiya da ya saya ranar kasuwa, bai taɓa harba ta ba, kyawunta ne kawai ya ruɗe shi. Ya ɗana, ya saki, ta same ta a kafaɗa. Gada ta yi tsalle ta shige sarƙaƙiya, ya tarar da kyauron a ƙasa ya tsage, ƙarfen kuwa ya tafi a jikinta. Ya bi ɗigon jini har duhu ya rufe, washegari ya koma, bai same ta ba. Sai a rana ta uku ungulaye suka nuna masa inda take. Da ya duba, sai ya ga tsinin ƙarfen ya nannaɗe a kan ƙashi, bai ko shiga ciki ba. Abin da ya fi damunsa, ya ce, hantsarta cike take da nono, watau akwai ɗa a wani wuri cikin ciyawa yana jiranta.

Ya ce, “Ban ci nama ba, ban bar ta da ranta ba, ɗanta ma na kashe shi ban gan shi ba. Tun daga ranar ban sake zuba kibiya a kwarina ba sai na gwada ta.” Wannan magana ita ce ta zama tushen aikina.

Yadda Kibiyarmu Take

Kibiyar Bahaushe kashi uku ce. Akwai ƙarfe, wanda maƙeri ke ƙerawa da tsini da kunnuwa da doguwar wutsiya. Akwai kyauro, watau karan da ake soke wutsiyar ƙarfen a cikinsa, a yi masa 'yar tsaga a gindi inda tsirkiya za ta zauna. Sa'an nan akwai jijiya, wadda ake naɗe wuyan kyauron da gindinsa da ita don kada ya tsage. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda muke gani a hotunan kibau na wasu ƙasashe.

Wannan 'yar siririyar aba ta yi aiki a tarihinmu. A yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yuni 1804, yawancin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo 'yan baka ne a ƙasa, amma suka karya rundunar dawakin Gobir. Lifidin da muke gani a jikin dawaki ranar hawan salla a ƙofar fadar Zazzau, asalinsa kariya ce daga kibau. A yaƙin Burmi na watan Yuli 1903 kuma, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban sojojin Ingila a wurin, duk da bindigogin da suke da su. Sarautar Sarkin Baka ma tana nan har yau a masarautu da yawa na ƙasar Hausa.

Sirrin wannan kibiya yana ga dafi. Maharba suna samun sa daga wata shuka mai yaɗo da ake kira kwankwani. Masana kimiyya sun gano cewa abin da ke cikin 'ya'yanta zuciya yake kamawa. A shekarar 1885 wani malamin likitanci na Edinbara, Thomas Fraser, ya gabatar da maganin ciwon zuciya da ya tace daga wata 'yar'uwar wannan shuka ta Afirka. Ashe ke nan aikin ƙarfen kibiyarmu shi ne ya huda fata ya kai dafi cikin jini, aikin kunnuwa kuwa su riƙe ƙarfen kada ya fita kafin dafi ya narke. Baba Tsoho ya ƙi ya bar ni in taɓa tsofaffin kibansa, domin ya ce dafi yakan daɗe bai mutu ba. Ya kuma ce ba zai koya wa kowa haɗinsa ba, zai tafi da shi kabari. Saboda haka duk gwajin da na yi, da sababbin ƙarafa na yi shi, ba dafi ko kaɗan.

Yadda Ake Yi A Wasu Ƙasashe

Da na kai wa Malam bayanin farko, sai ya ƙara mini haske. Ya ce a Amurka har gobe ana farauta da baka, kuma abin da aka fi harbi shi ne wata dabba mai kama da barewa, mai farar wutsiya. Ba irin tamu ba ce. Namijinta ƙahonsa rassa gare shi kamar bishiya, kuma kowace shekara yakan zubar da shi ya tsiro da sabo. Namun dajinmu kuwa, irin su barewa da gada da mazo da mariya da gwanki, ƙahonsu ba ya rassa, ba sa kuma zubar da shi.

A shekarar 1934 jihar Wiskonsin ta fara keɓe wa masu baka lokacinsu na farauta, sauran jihohi suka bi. A 1969 wani mutumin jihar Misuri, Holless Wilbur Allen, ya sami takardar mallakar ƙirar wani baka mai 'yan ƙafafun gargare a bakinsa biyu, wanda ke sauƙaƙa wa maharbi riƙe tsirkiya bayan ya ja. Yawancin jihohinsu sun hana dafi. To, in babu dafi, me zai kashe dabba? Sai kaifi. Shi ya sa suke amfani da ƙarfe mai faɗi da baki kamar aska, wanda zai yanke jijiyoyin jini a huhu ko zuciya, dabba ta faɗi nan da nan. Jihohi da dama ma sun ƙayyade cewa faɗin ƙarfen kada ya gaza wajen santimita 2.

Malam ya ba ni labarin wani likitan ido Ba'amurke, Dokta Ed Ashby, wanda tun daga tsakiyar shekarun 1980 ya shiga binciken wannan al'amari, ya faro daga lardin Natal na Afirka ta Kudu. Ya yi shekaru yana rubuta abin da kowace kibiya ta yi a jikin dabba. Abin da ya sa a gaba da kome shi ne ƙwari, watau kada kibiya ta karye ko ta lanƙwashe in ta gamu da ƙashi. Na biyu shi ne ta tashi sak ba tare da wutsil-wutsil ba. Ya kuma nuna amfanin rinjayen nauyi a gaba, da ƙarfe dogo wanda tsawonsa ya kai faɗinsa sau uku, ya ce kibiyar da ta kai nauyin giram 42 ta fi iya fasa babban ƙashi. Da na faɗa wa Baba Tsoho, sai ya ce, “Wannan Bature ya sha wahalar tafiya. Da ya zo nan zaure da goro biyu, da na gaya masa na farkon.”

Shirin Gwaji

Muka tafi maƙera wurin wani dattijo abokin Baba Tsoho. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, ƙarafan kibiya nake so iri uku.” Ya ce rabon da a zo masa da irin wannan aiki har ya manta, yanzu sai fartanya da lauje. Na ja masa zuga-zugi, ya zuba gawayin ƙirya, ya ƙera mini iri uku, kowane iri guda biyar. Na ɗaya siriri mai kunnuwa, irin na kakanninmu. Na biyu gajere mai faɗi, kamar ganyen magarya. Na uku dogo mai baki biyu kamar ganyen mangwaro, tsawonsa santimita 6, faɗinsa 2.

Wurin gwaji muka zaɓi wata gona da aka girbe a cikin ganuwa, inda akwai babbar jiɓa a baya da za ta tare duk kibiyar da ta kuskure. Muka sa ƙanena ya tsaya nesa yana hana yara da awaki giftawa. Malam ya ja kunnena cewa gwaji ba ya zama gwaji sai an canja abu ɗaya tak, an bar sauran yadda suke. Don haka baka ɗaya muka yi amfani da shi, nisa ɗaya, watau taki 15, mai harbi ma ɗaya, baffana, domin hannun Baba Tsoho ya fara rawa, nawa kuwa bai ƙware ba.

Gwaji Na Farko: Miƙewa Da Lafiyar Kyauro

Ana ɗora kyauro a kan abu mai santsi da shimfiɗa, kamar madubi, a mirgina shi. In ya tafi lami lafiya, miƙaƙƙe ne. In yana tsalle, karkatacce ne, sai a gasa shi kaɗan a kan garwashi a miƙar. Bayan an soka ƙarfe kuma, sai a tsai da tsinin a kan katako a murza kibiyar kamar mazari. In wuyanta yana rawa, ƙarfen bai zauna a tsakiya ba. Daga nan sai a ɗan tanƙwara kyauron kusa da kunne a saurara, in an ji ƙas, akwai tsaga a ɓoye.

A nan na yi wautar da ba zan manta ba. Ɗoki ya ɗebe ni, na ɗauki wata kibiya ban saurare ta ba, na ce bari in fara harbi ɗaya kafin baffa ya shirya. Ina sakin tsirkiya sai kyauron ya ɓalle biyu, guntun baya ya yanke ni a bayan hannun hagu. Allah ya sa bai shiga da zurfi ba, amma sai da aka kai ni aka wanke, aka yi mini allura. Tabon yana nan. Baba Tsoho bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Kai ka sami mai kai ka asibiti. Gada fa?”

Gwaji Na Biyu: Nauyi Da Rinjaye

Na kai kibau ɗakin gwaje-gwaje na makaranta na auna kowace a kan sikeli, na ware masu nauyi kusan ɗaya. Dalili shi ne, in ɗaya ta fi ɗaya nauyi, ba za su sauka wuri ɗaya ba ko da hannu bai canja ba.

Sa'an nan na nemi inda kowace ke daidaita in an ɗora ta a kan bakin wuƙa. Ga yadda lissafin yake. A ce tsawon kibiya santimita 70 ne, tsakiyarta ke nan 35. In ta daidaita a santimita 45 daga gindi, ta wuce tsakiya da 10. Sai a raba 10 da 70, a ninka sau 100, a sami kashi 14 cikin ɗari. Wannan shi ne rinjayen nauyi a gaba. Masu kibau na zamani sukan nemi kashi 10 zuwa 15 don farauta, Dokta Ashby kuwa ya fi son ya kai 19 ko fiye.

Da na auna irin tamu ta gargajiya, sai na ga ta daidaita can kusa da wuya, rinjayenta ya wuce na misalin da na kawo nesa. Nan na gane dalilin doguwar wutsiyar ƙarfe da kyauro marar nauyi. Tun da ba gashi a baya da zai riƙe gindi, sai nauyin gaba ya ja ragama, kyauro ya bi shi kamar yadda raƙumi ke bin akala. Baba Tsoho ba ya lissafi, a kan ɗan yatsa yake ɗora ta, ya ce in ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta da ladabi.

Gwaji Na Uku: Kaifi

Malam ya koya mini wata dabara. Na ɗaure robobin ɗaurin kuɗi da yawa a jikin wani ɗan katako mai rami a tsaka, na ja su suka yi tsam, sa'an nan na tura ƙarfe a hankali ta tsakaninsu. Wanda aka goga da magagari kawai, ture robobin ya yi gefe ya wuce. Wanda aka wasa a dutse aka ƙarasa a kan fata kuwa, yana taɓa su suna tsinkewa. Jijiyar jini ma haka take, santsi gare ta da talewa, dakusasshen ƙarfe sai ya goce mata. Ma'aunin Baba Tsoho shi ne gashin hannu: in ƙarfe bai aske shi ba, a koma dutse.

Gwaji Na Huɗu: Tashi

Muka ɗaure takardar jarida a jikin wani firam, baffa ya tsaya taki biyar ya harba ta cikinta. Kibiyar da ta tashi sak takan bar ɗan rami daidai jikinta. Wadda ta tafi a karkace takan yaga takarda dogon yagu. Siririyar nan ta gargajiya ta wuce tsaf. Masu faɗin nan biyu kuwa suka yi ta yaga, da muka koma taki 15 ma iskar hunturu ta riƙa kwasar su gefe. Malam ya ce faɗin ƙarfe kamar fiffike yake, iska tana kama shi ta juya kan kibiya. Sai muka tsaga gashin zabo muka ɗaure a gindinsu da zare da danƙo, nan take suka natsu. Ashe faɗi da gashi tare suke tafiya, wanda ya ɗauki ɗaya dole ya ɗauki ɗayan.

Mun kuma lura cewa kyauron da ya cika laushi yana wutsiltu in an sa masa ƙarfe mai nauyi. Kowace kibiya takan ɗan tanƙware a lokacin da tsirkiya ta tunkuɗe ta, don haka dole taurin kara ya dace da ƙarfin baka da nauyin ƙarfe.

Gwaji Na Biyar: Shiga Da Ƙwari

Wannan shi ne babban gwaji. Muka cika buhu da tsummoki muka danna, muka ɗora masa allon kafaɗar akuya da na samo wurin mahauta, muka rufe da ɗanyar fata. Baffa ya harba kowane iri sau biyar a kan fata da buhu kawai, sa'an nan sau biyar a kan ƙashi, ni kuwa ina auna zurfi ina rubutawa.

Siririyar ta fi kowace shiga, amma ramin da ta bari bai fi na basilla ba. Irin wannan rauni, in ba dafi, ba zai zubar da jinin da zai ka da dabba da wuri ba, ga kunnuwa kuma sun hana ƙarfe fita. Sarauniyar da na zaɓa da farko ke nan, in aka raba ta da dafi azaba kawai za ta bari a jikin dabba. Gajeren mai faɗi ya yi yanka babba a fata, amma bai yi zurfi ba, a kan ƙashi kuwa tsayawa ya yi cak. Dogon nan mai kamar ganyen mangwaro shi ya haɗa biyun: ya yanka, ya shiga, sau uku cikin biyar kuma ya fasa allon kafaɗa ya wuce. Dalilin a fili yake, gangaren bakinsa a kwance yake, kamar yadda hawa tudu ta doguwar hanya ya fi sauƙi bisa hawa ta miƙe.

Abu biyu suka lalace, kuma su suka fi koya mini. Na farko, tsinin ƙarfe biyu ya nannaɗe a kan ƙashi, daidai yadda Baba Tsoho ya ba da labari. Da na mayar wa maƙeri, ya ce waɗannan da ƙusa ya yi su, ƙarfe ne mai taushi. Ya sake ƙera wasu da guntun sifirin na mota, ya tsoma su a ruwa suna ja, sa'an nan ya sake ɗumama su kaɗan. Ya ce, “Ɗana, ƙarfe in ya cika taushi ya lanƙwashe, in ya cika tauri ya ɓalle. Tsakiya ake nema.” Na biyu, kyauro uku sun tsage a wuya, domin da ƙarfe ya daki ƙashi sai wutsiyarsa ta koma ciki ta fasa karan kamar an sa gizago. Duka ukun ni na naɗa musu jijiya, na kuwa yi ƙwauronta. Waɗanda Baba Tsoho ya naɗa da tsawon yatsa uku, ba wadda ta tsage.

Batun Nisa

Na tambayi Baba Tsoho me ya sa maharbi ke wahalar sanɗa, ba ya harbi daga nesa. Ya ce gada tana jin kukan tsirkiya. Lissafi ya gaskata shi. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In muka ce kibiyar bakan itace tana yin mita 50 a daƙiƙa, to a nisan mita 20 sauti zai isa kunnen dabba cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kibiya kuwa sai ta ci kashi huɗu bisa goma. A wannan tsakani dabba ta durƙusa don ta zabura, kibiyar da aka auna bayan kafaɗa sai ta sauka a gadon baya ko a ciki. Ko bakan zamani mai tura kibiya mita 90 a daƙiƙa bai kamo sauti ba. Saboda haka maharbin kirki yakan san iyakar nisansa, in dabba ta wuce nan ya bar ta ta tafi.

Abin Da Addini Da Doka Suka Ce

Na kai tambaya makarantar zaure inda muke karatun Risala da dare, domin akwai babin da ya yi maganar yanka da farauta. Malam ya ce sharaɗi ne maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya, kuma makamin ya zama ya huda da kaifinsa. Abin da aka buge da gefen makami ya mutu, ba a ci. In an tarar da dabba da sauran rai, dole a yanka ta. Ya ƙara da cewa malaman Malikiyya sun ce in aka harbi dabba da abu mai dafi, aka tarar ta mutu, ba a san ko ƙarfe ne ya kashe ta ko dafi ba, to ba a ci. Ya kuma tuna mana cewa an umurce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, mu wasa wuƙa mu hutar da dabba. Sai na ga ashe gwada kibiya yana cikin wannan kyautatawa.

Ta wajen hukuma kuwa, tun 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji, a 1985 kuma gwamnatin tarayya ta fito da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa. An haramta farauta a gandun daji irin su Yankari a Jihar Bauci, da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. Barewa tana cikin dabbobin da masana suka ce suna cikin haɗarin ƙarewa. Ga Kwalejin Barewa nan a garinmu, wadda ta karɓi wannan suna a 1971, amma da wuya ka sami ɗalibi a Zariya da ya taɓa ganin barewa tana kiwo a daji. Dajin da Baba Tsoho ya yi sanɗa a ciki ya zama gonaki da gidaje.

Kammalawa

Abin da na fahimta a taƙaice shi ne, kibiya ta ƙwarai ba a gane ta da ido. Sai ta zama miƙaƙƙiya, mai rinjaye a gaba, mai kaifi, mai tashi sak, kuma wadda ba za ta ci amana ba in ta gamu da ƙashi. Kakanninmu ba su yi kuskure da siririyar kibiyarsu ba, sun ƙera ta ne don aikin dafi. Wanda ya ajiye dafi kuwa, dole ya canja ƙarfe, ya ƙara gashi, ya sake gwaji tun daga farko.

Ba ina kiran 'yan'uwana mu ɗauki baka mu shiga daji ba ne, domin ɗan abin da ya rage na namun daji ya fi bukatar mai tsaro bisa maharbi. Wanda ke sha'awar harbi yana iya yin sa a kan buhu, a gaban babba, harbin baka ma wasa ne da ake gasarsa a wasannin Olamfik daga nisan mita 70. Kirana gare mu ɗalibai shi ne mu zauna da tsofaffinmu da alƙalami da ma'auni tun suna raye. Ga iyayenmu kuma ina roƙo, in yaro ya zo da tambaya a kan sana'ar gida, kada a kore shi.

Ranar da na gama, na mayar wa Baba Tsoho bakansa, na ba shi kibiya ɗaya daga cikin dogayen nan da suka ci gwaji. Ya ɗora ta a yatsa, ya murza ta, ya aske gashin hannunsa da ita, ya yi shiru. Can ya ce, “Da wannan ce a hannuna ranar nan, da ko dai na zo gida da nama, ko kuwa da na ga hantsarta na bar ta.” Ya sa aka rataye ta a bango kusa da kwarin.